"Baba, Ka Gane?" Na Ce Na Gane

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da yake na san wasiƙar za ta yi tsawo. Tsoho in ya samu mai sauraro sai haƙuri.

Shafinku na lafiya ba ya wuce ni. Abin da ya sa na ɗauki biro kuwa wata magana ce da nake yawan cin karo da ita, a rubuce da kuma a bakin ma'aikatan asibiti: wai mu tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga taurin kai gare mu, ba ma shan magani yadda aka ce, sai abu ya lalace a kwaso mu ranga-ranga. Rabin maganar gaskiya ne, da yawanmu ba ma sha yadda aka ce. Amma kafin a yanke mana hukunci, a tsaya a tambaya tukuna: abin da aka ce ɗin, ya shiga kuwa? Zan ba da shaida a kan kaina, har da abin kunyar da ke ciki.

Shekarata 71. Shekara 35 na yi ina koyar da lissafi a sakandare kafin na yi ritaya. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce ai matsalar waɗanda ba su je makaranta ba ce.

Ina da shekara 59 aka gano ina da hawan jini. Ciwon ido ne ma ya kai ni asibiti. Nas ta ɗaura min abin awo a dantse kamar yadda ake yi wa kowa, ta dube ni, ta sake aunawa: 168 bisa 102. Likita ya rubuta min amlodifin, ƙwaya ɗaya kullum har wata guda, ya ce in dawo. Na sha babu fashi, na koma, awo ya nuna 132 bisa 84. Likitan yaro ne mai fara'a, bai wuce sa'an ɗana na biyu ba. Ya ce, "Madalla Baba, jini ya sauka. A ci gaba haka. Ka gane ko?" Na ce na gane.

Abin da na gane shi ne na warke. "A ci gaba haka" a bakinsa yana nufin a ci gaba da shan magani kullum har iya rayuwa. A kunnena yana nufin je ka ci gaba da harkokinka. Ya miƙo min wata takardar magani, na ɗauka ta ko-ta-kwana ce, na karɓo maganin na jefa a durowa, sai ranar da kaina ya yi ciwo ko raina ya ɓaci in ɗauki ɗaya in haɗiye. Kuma ban ga wautar kaina ba, don duk tsawon rayuwata abin da na sani game da ciwo ke nan: zazzaɓi ya kama ka, ka sha magani kwana uku ko biyar, ka miƙe, ka manta da shi. Shekara hamsin da tara ina kan wannan karatu. Ciwon da ba a warkewa, sai dai a riƙe shi kamar yadda ake riƙe linzamin doki, wanda in ka saki ya sake zabura, sabon darasi ne gaba ɗaya, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya biya min shi. Jimla ɗaya ce tak ta ɓace a tsakaninmu: "Maganin ne ya saukar da shi, ranar da ka daina zai koma."

Mun taso ana ce mana jiki magayi. To hawan jini ya ƙaryata wannan karin magana. Jininka na iya kai 180 kana zaune kana raha, babu ciwon kai, babu jiri, alhali yana can yana cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda da na ido a hankali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.28 'yan shekara 30 zuwa 79 ne ke da shi a duniya, kashi 46 cikin 100 ba su ma san suna da shi ba, kuma ɗaya cikin biyar ne kawai nasu ya daidaita. Ni ina cikin waɗanda suka sani, suna da maganin a durowa, suna kuma jiran jiki ya gaya musu lokacin sha.

Jikin ya yi magana bayan shekara biyu da rabi. Wata safiya ina rubutu biro ya suɓuce daga hannuna na dama, na sunkuya in ɗauka yatsun suka ƙi. Na kira uwargida, maganar ta fito a murɗe. Ta ce bakina ya karkace. Kafin mu isa asibiti komai ya dawo daidai, har na fara cewa mu juya gida. Allah ya sa ba ta saurare ni ba. Awo ya nuna 192 bisa 110, aka ce wannan gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, wata jijiya ce ta toshe na ɗan lokaci ta sake buɗewa, kuma ba kowa ake yi wa gargaɗi ba.

A wannan kwanciya ce wata nas, dattijuwa mai ƙarancin magana, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadona. Ba ta ce "kana shan maganinka?" ba, wanda da na amsa da "ina sha" kuma ban yi ƙarya ba. Cewa ta yi, "Malam, ba ni labarin yadda kake shan maganin nan, tun daga safe har dare, a mako ɗaya." Na soma bayani ina jin kaina kamar mai hankali. Kafin in kai ƙarshe na ga yadda take kallona. Ta yi min bayani a hankali, sannan ta ce, "To yanzu a ce ni ce matarka, na tambaye ka me aka ce a asibiti. Gaya min." Raina ya sosu. Ni da na yi shekaru ina tsayar da yara gaban allo, yau ni ake tsayarwa? Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma na maimaita, na yi kuskure a wuri guda, ta gyara, na sake maimaitawa.

Da dare ina kwance abin ya dawo min, kunya ta rufe ni. Duk malamin da ya yi shekara ɗaya a aji ya san babu tambayar banza irin "kun gane?" Yara arba'in za su haɗa baki su ce "mun gane, Malam," ka ba su aiki mutum shida su ci. Wasu sun ce sun gane don tsoro, wasu don a tashi, wasu kuwa, kuma su ne suka fi ban tausayi, har ga Allah sun ɗauka sun gane. Shi ya sa malamin kirki ba ya tambaya, sai ya miƙa alli ya ce zo ka yi mana. Na san wannan kamar yunwar cikina. Na horar da sababbin malamai a kansa. Amma ranar da aka juyo da tambayar kaina, na gyaɗa kai kamar yaron bayan aji.

'Yata ta uku ma'aikaciyar jinya ce, ita ta riƙa nemo min abin da masu bincike suka rubuta, ni kuma ritaya ta ba ni lokacin karantawa. Na tarar abin da ya same ni tsohon labari ne a wurinsu. Wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Roy Kessels, ya tattara bincike a 2003 ya nuna marasa lafiya na manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da likita ya faɗa nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ma a karkace suka riƙe shi. A shekarar dai, Amurka ta gwada manya sama da 19,000 a kan fahimtar bayanan lafiya. Kashi 12 ne kawai suka kai matakin ƙwarewa. A cikin 'yan shekara 65 zuwa sama kashi 3 ne, kashi 29 kuwa ko matakin farko ba su kai ba. A 2011 aka yi irinsa a ƙasashen Turai takwas, ciki har da Jamus da Holan da Girka, aka sami kashi 47 fahimtarsu ba ta wadatar ba. Waɗannan ƙasashe ne da kusan kowa ya yi makaranta, kuma takardar magani da harshen uwarsa aka rubuta masa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006. An nuna wa marasa lafiya kwalbar magani mai ɗauke da umarni ɗan gajere: a sha ƙwaya biyu sau biyu a rana. A cikin masu raunin karatu, kusan kashi 71 sun faɗi abin da aka rubuta daidai. Da aka ce to ƙirgo mana ƙwayoyin da za ka sha a yini, kashi 35 ne kawai suka ƙirgo huɗu. Malamin lissafi ba zai yi mamaki ba. Yaro ya haddace ƙa'ida tsaf, a ba shi lamba ya sa a ciki ya tsaya yana kallon rufi. Sannan "sau biyu a rana" ɗin ma, yaushe da yaushe? Na san dattijon da ke haɗiye na safe da na dare lokaci ɗaya don kada ya manta, yana ganin ai ya cika lissafi. Ga kuma 'yan haruffan nan da likitoci ke karcewa, bd da tds da nocte, guntayen kalmomin Latin ne da ko ɗalibin jami'a in ba fanninsa ba ne bai san su ba.

Shekara shida da suka wuce ciwon suga ya zo ya tarar da ɗan'uwansa. A nan na ɗauka na yi hankali, ina tambaya, ina rubutawa. Duk da haka sai da ya kusa kai ni.

An haɗa min metfomin da wata ƙaramar ƙwaya, gilibenkilamid, wadda ke matsa wa jiki ya ƙara fitar da insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Wannan "ko ba ka ci ba" ɗin daga baya na san shi. Wata rana aka ce in zo gwaji da safe, kada in ci komai. Ba a ce komai game da magani ba, ni kuma da na riga na sha wuya a kan fashin magani, na ce ba za a sake kama ni ba. Ƙarfe shida na haɗiye ƙwayoyina da ruwa, na zauna ina jiran wanda zai kai ni, shi kuma ya makara. Wajen ƙarfe tara zufa ta karyo min, hannuna na karkarwa, zuciya na bugawa, ina magana ba kan gado. Uwargida ta ruɗe ta ce suga ya tashi. Ƙaramin ɗanmu ya ce a ba ni wani abu mai zaƙi, ta daka masa tsawa: mutumin da aka hana shi zaƙi, kashe shi kake so ka yi? Kuma tana da hujja, domin shekara guda ke nan abin da kowa ke gaya mata kada in kusanci zaƙi. Allah ya sa ta kira 'yarmu a waya. Ta ce, "Mama, ki auna shi yanzu-yanzu." Na'ura ta nuna 52. Ta ce, "Ƙasa ya yi, ba sama ba. Ki jiƙa suga a ruwa ki ba shi tun yana iya haɗiya, bayan minti sha biyar ki sake aunawa."

Duk abin da ya gaza 70 a irin wannan na'ura faɗuwar suga ce, kuma ga tsoho tana iya kawo suma ko mummunar faɗuwa cikin ɗan lokaci, tun kafin hawan suga ya yi nasa aikin na shekaru. An gaya mana rabin ciwon, an bar rabin da ya fi gaggawa. Wani bincike na 1998 a asibitocin gwamnati biyu na Amurka ya tarar a cikin masu ciwon suga da ke da raunin fahimtar bayanan lafiya, rabi ne kawai suka san alamomin faɗuwar suga, alhali a cikin masu kyakkyawar fahimta kashi 94 sun sani. Bayan wannan aka sauya min ƙwayar, aka ce dama ba a cika son ta ga masu shekaru irina ba.

Sunan ciwon ma yana da nasa laifin. An ce ciwon suga, sai mutum ya ɗauka in ya bar suga ya gama, bai san duk abinci mai sitaci jiki suga yake mai da shi ba. An ce hawan jini, kowa ya ce ai tunani ne da ɓacin rai, don haka ranar da hankali ke kwance babu buƙatar magani.

Bari in ɗan ratse in ba da wani abin dariya da ba na dariya ba. Wani abokina, tare muka yi aiki, ya zo yana min jaje wai ya ji sugana 126, nasa kuwa 7 kacal. Har yana ba ni shawarar in sake likita. Na karɓi na'urarsa na duba, ashe tasa da ma'aunin milimol take ƙirga, tawa da miligiram. Tsakaninsu sai ka ninka da 18. Na ce masa bakwai sau sha takwas nawa ne? Ya yi shiru, ya ce 126. Sugarmu ɗaya. To a ce tsohon da ya saba da na'ura irin tawa ya je wani wuri aka ce masa sugarsa 15, ya dawo gida yana murna ko yana neman zaƙi ya sha don ya ɗauka ta faɗi, alhali 270 ke nan. Wa ya taɓa zaunar da mu ya ce ma'auni biyu ne? Ni ma da nake masa dariya, sai da na yi shekara ina kame baki kwana biyu kafin ranar awo, irin ɗalibin da ba ya buɗe littafi sai daren jarrabawa, kafin in san akwai gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku, saboda jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana kusan 120 suna yawo da shaidar abin da ka aikata.

Duk wannan ni ke nan mai karatu. Yayata shekararta 78, ba ta karatu, kuma magani iri shida take sha. Da launi ta san su: fara ƙarama, fara mai tsaga, ruwan ɗorawa, da sauransu. Wata rana aka ba ta maganin hawan jininta na kullum amma na wani kamfani, kwali daban, launi daban, sunan da aka rubuta da manyan haruffa ma daban. Ta ɗauka ƙari aka yi mata, ta haɗa da ragowar tsohon tana sha tare. Kwana tara tana fama da jiri in ta miƙe, har ta faɗi a banɗaki ta fasa goshi. Da na juye jakar maganinta a kan tabarma na karanta ƙananan haruffan, sai ga suna ɗaya a kwali biyu. A ƙasan jakar kuma ga dikulofenak da take saye da kanta saboda ciwon gwiwa, kusan kullum, ba ta taɓa faɗa wa likita ba don a ganinta wannan ai ba "maganin asibiti" ba ne. Irin wannan magani yana ɗaga hawan jini yana kuma taɓa ƙoda. Ba ta ɓoye ba, tambayarta ce ba a yi ba. Na ce, "Yaya, me ya sa ba ki tambayi mai ba da maganin ba?" Ta ce, "Layi ne a bayana, kuma yaron ko ɗago kai bai yi ba. In tsaya ina tambaya a ce tsohuwa ta ruɗe?"

Wannan amsa tata ita ce abin da masu lissafin taurin kai ba sa gani. Tsoho na tsoron a ce ya fara ruɗewa fiye da yadda yake tsoron ciwon. Shi ya sa za ka ji "na manta tabarau a gida" daga bakin wanda tabaran ke aljihunsa, ko wanda karatun ne babu. Ga kunne kuma. Jin tsufa ba gaba ɗaya yake tafiya ba, siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, irin su s da sh da f. Kana jin murya sarai, kalmomin ne ke cakuɗewa. Tsakanin "a sha" da "a sa" ɗan siririn sauti ne, amma shi ya raba maganin da ake haɗiya da wanda ake ɗigawa. In aka ga ba ka ji ba sai a ɗaga murya, ihu kuwa ba ya dawo da sautin da ya ɓace, sai dai ya tara maka 'yan kallo. Abin da ke taimako shi ne a fuskance ka, a sassauta gudu. In likita na kallon kwamfuta yana magana ta bayan takunkumi, rabin zancen ya tafi.

'Ya'yanmu masu raka mu, Allah ya yi musu albarka, amma su ma ina da magana da su. Da zarar an shiga da kai tare da ɗanka, sai likita ya juya wajensa ya ce, "Me ke damunsa?" Su yi ta tattaunawa a kanka kana zaune kamar kayan da aka kawo gyara. A fito, ɗan ya koma wurin aikinsa da bayanin a kansa, kai kuma a bar ka da ledar magani. Wanda zai haɗiyi ƙwayar ƙarfe shida na safe ba shi aka yi wa bayani ba.

Ba na ɗora wa likitoci laifin duka, na ga layin da ke ƙofarsu. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan ƙasashe 67 ya nuna ganawa da likita na kamawa daga daƙiƙa 48 a Bangaladesh zuwa minti 22 da rabi a Suwidin, kuma ƙasashen da ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya minti biyar ne ko ƙasa da haka. A minti biyar ba a koyar da darasi. Amma abin da nas ɗin nan ta yi min, "gaya min me aka ce," bai ci minti biyu ba. A wani bincike da aka wallafa a 2003 an naɗi muryar ganawar likitoci da masu ciwon suga a wani asibitin gwamnati a San Faransisko, aka tarar a ganawa ɗaya cikin biyar ne kawai likita ya bincika ko sabon bayanin da ya yi ya shiga, kuma marasa lafiyan da aka yi wa hakan sugarsu ta fi daidaita. In likita ba shi da lokaci, nas na nan, mai ba da magani na nan. Wani dai a cikin jerin ya miƙa mana allin. Sai dai a iya baki wajen yi. In ka ce wa dattijo "maimaita in ji," ka tsayar da shi gaban aji, zai hau dokin zuciya kamar yadda na kusa yi. In ka ce "Baba, ina so in tabbatar ni ban bar wani abu ba, in an tambaye ka a gida me za ka ce?" ka ɗauke masa kunyar ka ɗora wa kanka. Kuma abu uku sun isa a zama ɗaya. Wanda ya ba yaro ƙa'ida goma a darasi guda bai koyar da ko ɗaya ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tallan maganin ƙarya sun fi mu sanin wannan duka. Saurari saƙon murya da ake turo wa tsofaffi a WhatsApp. Mutumin ba ya sauri, ba ya kawo kalmar da ba ka sani ba, yana maimaitawa sau uku, yana kiran alamomin da kake ji ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi abin da zuciyarka ke son ji: kwana arba'in ka rabu da shi har abada. Ya dace da tsohon karatunmu na ciwo, a sha a warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2003 cewa ko a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu doguwar jinya ne kawai ke shan magani yadda aka tsara. Ina da yaƙinin da yawa daga ɗaya rabin ba ƙi suka yi ba. Wani ne ya fi iya yi musu bayani, ko kuma babu wanda ya yi.

Ku ma 'yan jarida ga naku. Sau da yawa nakan karanta shafin lafiya in ga an kwaso kalmomin likitoci an jera, an rufe da "a tuntuɓi likita." Ina ba da shawara, kafin ku buga irin wannan rubutu, wani a cikinku ya karanta wa kakarsa ko wani dattijo, sannan ya ce to me aka ce? Abin da ya dawo daga bakinsa shi ne abin da kuka rubuta. In ya dawo a karkace a koma a gyara. Ku ƙara girman haruffan wannan shafin ko da na sauran bai ƙaru ba. Kuma ina roƙon ku ware mako guda ku yi bayanin faɗuwar suga kaɗai, da alamominta da abin da na kusa zai yi, saboda matan aure da jikokin da ke tare da mu a lokacin da abin ke faruwa.

Ni yanzu ina da ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Shafin farko sunayen magunguna ne, na ainihi da ke ƙananan haruffa, da amfanin kowanne da lokacin shansa. Duk ranar asibiti jakar maganin gaba ɗaya nake ɗauka, har da wanda na saya da kaina, in juye a teburin likita. In ya gama magana ba na jiran ya ce na gane, ni nake cewa, "Likita, tsaya in faɗa maka abin da na ji." Wasu na murmushi, wani ya taɓa duba agogo. Ta Yaya kuma na zana mata hoton rana da na farin wata a jikin kwalaye, duk sabon kwali ba ta buɗe shi sai an karanta mata.

Jikata mai shekara 11 ta mai da abin wasa, takan ɗauki littafin ta yi min jarrabawa. Shekaranjiya ta yi min tambaya uku, na ci biyu. Ta ukun ita ce: in ka manta ƙwayar safe ba ka tuna ba sai da yamma, sha za ka yi ko bari za ka yi sai gobe, kuma duka magungunan hukuncinsu ɗaya ne? Shekara goma sha biyu ina wannan jinya, na buɗe baki na rasa amsar da zan tsaya a kanta. Ta ba ni maki biyu bisa uku da jan biro, ta rubuta "a ƙara ƙoƙari." Na rubuta tambayar a shafin ranar Talata, ranar da zan koma ganin likita.

Naka,
Tsohon malamin lissafi, mai karanta ku kullum.